Ƙoƙon da Sammani Ya Ƙi Sha

A tsakanin Runka da Tsaskiya, idan mutum ya saki hanya ya yi yamma kaɗan, akwai wani kufai da manoma ke kira Dogon Gawo. Gero ake shukawa a kansa yanzu, amma ana iya bin sawun ganuwarsa da ƙafa. Ganuwar zagayayya ce kamar faifai, sai ta wajen gabas ne kawai ta yi ƙullutu, ta fita taki ɗari da hamsin, ta komo. Tsofaffi sun ce saboda mutum ɗaya aka yi wannan ƙullutu, wani mai yasar rijiya da ake kira Sammani.

A wancan zamani Katsina na bin Sakkwato, mayaƙan Maraɗi kuwa ba su daina ratso daji suna faɗa wa ƙauyukan yamma ba. Gari duk ƙanƙantarsa sai da ganuwa, kuma wanda ya zauna a bayanta ya san abin da ya ɗaukar wa kansa. Sammani ya fi kowa sani. Yana da shekara ashirin aka ƙone ƙauyensu a gefen Darini, ya iso Dogon Gawo da dagin ubansa a kafaɗa, ba dangi, ba ko akuya. Uban nasa mai haƙar rijiya ne, kuma abin da ya bar masa ke nan, dagi da sanin ƙasa.

Tsakar garin ba ta da faɗi, amma duk rayuwar mutane a nan take. Masallaci na arewa, rumfunan kasuwa na kudu, kasuwar kuwa ran Laraba take ci. Akwai tsamiya babba wadda dattawa ke zama ƙarƙashinta suna tufkar igiya, akwai dandali inda 'yan mata ke gaɗa, inda kuma ake kokawa da dambe bayan kaka. A tsakiyar duk wannan Rijiyar Tsaka take, zurfinta gaba goma sha ɗaya, an gitta mata itacen ƙirya huɗu a baki waɗanda igiya ta ci har suka yi tsagi tsagi. Gari duka ita yake sha. A gefenta akwai kwamin shayar da dabbobi, da falalen dutse na wanki, da randa guda ta matafiya. Akwai kuma wani dakali da Sammani ya gina da hannunsa, daidai ƙugun mace, don mai ciki ta aza tulu a kai kafin ta ɗauka, ba sai ta duƙa har ƙasa ba. Bai taɓa gaya wa kowa dalilin dakalin ba, matan ne suka gane da kansu.

Tsohon mai gari ne ya ba shi fili a jikin rijiyar, ya ce mai yasa ba ya nisa da ruwansa. A filin nan ne sarkin pawan garin, uban Badaru, yake shanya kilishi tun da can, kuma daga nan gabar da ke tsakanin Badaru da Sammani ta samo asali. Badaru ya girma yana jin cewa wani baƙo ya cinye musu wuri. Da ya gaji ubansa ya zama sarkin pawa, sai ya gaji har da wannan. Dogo ne, mai baki, tsohon ɗan dambe, hannunsa a sake, ba gidan da bai taɓa aika wa tsoka ba ran suna. Ƙanwarsa Zinariya kuma tana auren sabon mai gari, Haliru. Kowa na son Badaru.

Sammani kuwa ba mai sonsa, kuma gaskiya bai bar ƙofar da za a so shi ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fuska kullum a ɗaure. A garin da ake gaisuwa a tambayi gida da gajiya da iyali da dabbobi, shi “lafiya” ɗaya yake cewa ya wuce. Idan mace ta zo da guga mai ƙasa a gindi sai ya ƙwace ya jefar, ko da matar mai gari ce. Shekara talatin yana sauka cikin rijiyarsu yana kwaso laka da guntayen tuluna da gugunan da suka tsinke, amma sunansa bai wuce baƙon Darini ba. Badaru ma ba ya kiransa haka. In ya hango shi daga bakin tukubarsa ta tsire, sai ya ce wa mahauta su duba, gafiya ta fito shan iska. Sammani ba ya waiwaya, sai ya ce a gaida abokin ungulu. Mutane su yi dariya, amma su biyun ba wasa suke yi ba.

Matar Sammani, Hansai, ita kaɗai ta san yadda yake fara yini. Kullum in an fito sallar asuba sai ya ja guga ɗaya, ya kurɓa ya kurkure baki ya zubar, ya sake kurɓa ya riƙe a harshe, sa'an nan ya haɗiye. Daga nan yakan san ko rijiyar lafiya take. Allah bai ba su haihuwa mai rayuwa ba, su biyu ne a gidan, sai awaki uku.

Daga rijiyar in an yi gabas ƙasa tana ɗan hawa, kuma a kan wannan tudu mayanka take. Kusa da mayankar akwai wata tsohuwar rijiya da mutanen farko suka haƙa, suka kai gaba takwas ba su sami ruwa ba suka bari. Busasshiya ake ce mata, an rufe ta da itace da ƙaya. A wata shekara da bazara, 'yan kasuwa suka dami Badaru da ƙorafi, don jini da ƙazantar tumbi suna taruwa, ƙuda da ungulu sun hana masu fura sakat. Sai dabara ta zo masa. Ya sa aka ɗage itacen da ke bakin Busasshiya, aka riƙa zuba komai a ciki. Cikin kwana bakwai kasuwa ta yi fes, ungulu suka koma kan kuka, dattawa suka yi ta sa masa albarka.

Sammani kaɗai ne ya san abin da ke ƙarƙashi. Yana saurayi ya taɓa sauka cikin Busasshiya don ya ga dalilin da ta ƙi ruwa. A gindinta ya ga wani farin yashi mai kaurin tafin hannu ya gitta ya yi yamma. Wannan farin yashin kuwa ya san shi sarai, domin daga cikinsa idon Rijiyar Tsaka yake ɓuɓɓugowa, ta bangon gabas. Da rani ba abin da zai faru. Amma in damina ta sauka, ruwa ya cika ramin, duk abin da aka zuba zai bi yashin nan ya gangaro.

Da wani ne, da ya sami liman ko wani dattijo, su je gaban mai gari da sassafe, a gaisa a natse, a kawo maganar a hankali yadda ba wanda zai ji kunya. Hansai ta roƙe shi ya yi haka. Bai yi ba. Ran Laraba, kasuwa ta cika har da Fulanin da suka kawo nono, ya hau tudun ya tsaya gaban tukubar Badaru, ya ce masa ya rufe ramin nan yau, don kashin shanunsa yake aika wa mutane cikin tulu. Badaru ya ajiye wuƙa, ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya taɓa ganin kashin saniya ya yi tafiyar taki arba'in a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce sai dai in gafiya ce za ta yi masa rami ta raka shi. Kasuwa ta kwashe da dariya. Sammani ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ransa ya ɓaci, ya faɗi maganar da ta zame masa ƙaya.

“Ku yi ta dariya. Kafin a ɗaure gero ruwan da kuke sha zai yi wari, ran nan za ku tuna da ni.”

Dariyar ta tsaya. A wurinsa abin da ya sani ya faɗa, amma a kunnen mutanen Dogon Gawo wanda ya ce za a tuna da shi ba gargaɗi yake yi ba, alwashi ya ɗauka. Badaru ya ɗaga hannu ya ce kowa ya zama shaida.

Damina ta yi kyau a shekarar. Sammani na kurɓar ruwansa kowace safiya. Har aka yi noman farko bai ji komai ba. Da gero ya fara fid da kai sai ya ji wani ɗan ƙarni can a ƙarshen harshe. Da aka fara girbi, ba sai mai yasa ba, Zuwairatu mai fura ma ta ce furarta ba ta kai azahar sai ta canza. Badaru bai yi gardama da kowa ba. Yana yanka nama yana tambayar masu saye ko sun tuna wanda ya ce a tuna da shi.

Al'adar garin ita ce, in an gama kaka, kafin a yi kalankuwa, wato bikin da ake yi na murnar amfanin gona, sai a yashe rijiya. Kwana biyu ba mai ɗiba, mata su koma gulbi su tona yashi. Kowace unguwa ta ba da maza masu jan igiya, a kwashe ruwa, mai yasa ya sauka ya share laka har ya buɗe ido. A rana ta uku da hantsi gari ya taru. Mai yasa ya tari ruwan farko daga ido a cikin ƙoƙo, ya fito da shi, ya sha a gaban kowa. Daga shi sai mai gari, sai liman, ragowar a zuba a tulunan matan da ke jego a shekarar, su ne farkon ɗiba. Sai makaɗa su saki kalangu, biki ya fara. Shan da mai yasa ke yi shaida ce, yana cewa na gani da idona, ruwan nan lafiya yake. Kuma tun kakanni an yarda cewa mutum ɗaya ne kawai ke ƙin shan ƙoƙon farko, wanda ya san abin da ya binne a ciki.

Da safen rana ta uku Hansai ta tare shi a bakin ƙofa. Ta san abin da ya gani jiya da shekaranjiya, don ya dawo bai ci tuwo ba. Ta ce masa kurɓa ɗaya ba ta kashe namiji, ya sha kawai, in biki ya watse su sami liman.

“Maigida, in ka ƙi sha, bayan ganuwa za su kai mu. Ni na tsufa da gudu.”

Ya ce ya sani. Ya ce amma bayan shi mata biyar ne masu jego za su miƙo tulu, kuma saboda sun ga ya haɗiye za su miƙo. Ya ɗauki igiyarsa ya fita.

A ƙasa ya durƙusa ya sa hannu a bangon gabas. Babu mushen komai a rijiyar, ya riga ya share ta har marmara. Ruwan ne kansa yake fitowa daga farin yashi da launin ruwan wankin nama, da wari mai nauyi. Ya tari ƙoƙo, ya girgiza igiya aka jawo shi.

Tsakar gari ta cika maƙil. 'Yan mata sun sha kitso da lalle, 'yan dambe sun naɗe hannu suna jira, mai gari Haliru na zaune kan buzu ƙarƙashin tsamiya, matan jego biyar na tsaye a jikin dakali da tulunansu. Sammani ya tsaya da laka har ƙirji, ƙoƙo a hannu. Bai kai shi baki ba. Ya ratsa mutane, ya wuce mai gari ko rusunawa bai yi ba, ya je ya miƙa wa Badaru.

“Sarkin Pawa, naka ne. Kai ka dama shi, kai za ka fara sha.”

Badaru ya ja da baya, ya naɗe hannuwansa a baya. Ya ce wa jama'a su duba da kyau, mutumin da ya yi alwashi a kasuwa ga shi ya ƙi shan ruwansa, yana kuma neman ya ɗura wa wanda ya fi tsana. Ya ce mi ya rage a tambaya. Sammani ya fara bayanin farin yashi da Busasshiya, amma hayaniya ta riga ta tashi, kuma ko da ba ta tashi ba, ba wanda ya taɓa sauka gaba takwas balle ya gane. Wata tsohuwa ta ce dama mutumin da ba ya gaisuwa akwai abin da yake ɓoyewa. Wani ya ce shekara talatin suna shan abin da baƙo ya ga dama. Mai gari ya sa aka yi shiru, ya tambaye shi sau uku ko zai sha. Sau uku Sammani ya ce ba zai sha ba, kuma duk wanda ya ba jariri ruwan nan alhakin na wuyansa. Sa'an nan ya kifar da ƙoƙon a ƙasa gaban buzun.

Ba a yi kalankuwa ran nan ba. Liman ya so a je a duba Busasshiya tukuna, amma mai gari ya ce ba zai tozarta surukinsa a kan maganar wanda ya ƙi shan ƙoƙo ba. Ya ce ba za a taɓa lafiyar Sammani ba saboda shekarun da ya yi, amma kafin la'asar ya bar cikin ganuwa. Suka fita ta ƙofar gabas, shi da dagi da igiya, Hansai da tukunya a ka tana jan awaki. Ba wanda ya raka su. Da suka zo wuce mayanka, Badaru ya ce a gaida mutanen Maraɗi in sun zo. Kafin mako ya zagayo an rushe dangar gidan Sammani, an baza tabarmin kilishi a filin.

Hansai ta ɗauka Runka za su nufa, ko Tsaskiya, inda za a karɓe su. Sammani ya yi taki ɗari da ashirin daga ƙofa ya tsaya. Akwai gawo a wurin, da suri babba a gefensa, kuma in ka tsaya ka dubi gari, Busasshiya da Rijiyar Tsaka suna kan layi ɗaya da kai. Ya ce farin yashin daga nan ya taso, kuma nan ƙazanta ba ta hawowa. Hansai ta ce ashe bai ƙoshi da mutanen nan ba. Ya ce ba don su zai haƙa ba, so yake su gani. Sai ta sauke tukunyar.

Suka kafa bukka ta kara. Ba namijin da zai riƙe masa igiya, sai ita. Yana ƙasa yana sara, tana sama tana jan kwando, tafin hannunta ya tsage ya warke ya sake tsagewa. Jar ƙasa gaba biyu, marmara gaba huɗu wadda ta cinye musu wata biyu, sai yumɓu. Ruwan sha kuwa daga gulbi take ɗaukowa. Masu zuwa gona suna wucewa ba sallama, wasu su tofar da yawu, matasan mahauta su tsaya daga nesa su tambaya ko kabarinsa yake haƙa.

A wata na uku, da rana tsaka, aka buga kuge daga kan ganuwa, alamar an hango mahara. Mutanen da ke gonaki suka ruga, aka rufe ƙyaure. Hansai ta kai bakin ƙofa ta buga, mai tsaron ƙofa ya ce ba a ba shi izini ba. Ta dawo da gudu, Sammani ya ɗaura mata igiya ya zura ta cikin ramin, shi ma ya bi ta ya jawo ƙaya ya rufe baki. Suna ƙasa suna jin ƙasa na rawa. Da suka fito, bukka ta zama toka, awaki babu. Hansai ta gurɗe a ƙafa wajen sauka, kuma da ɗingishin nan ta ƙare rayuwarta. Ba ta yi kuka ba. Ta ce masa kawai kurɓa ɗaya ce ta jawo duk wannan. Kwana goma ba ta yi masa magana ba, amma ba ta fasa jan kwando ba.

A cikin gari kuwa abin bai gyaru ba. An ɗauko mai yasa daga Runka ya nemi abin da aka binne, bai sami komai ba, ya yashe ya sha ƙoƙo don kunya, ya tafi yana tofar da yawu. An yi rubutu an zuba. Ruwan ya ci gaba da wari, zawo ya kama yara a unguwa uku. Aka ce sammun baƙo ne ke da ƙarfi. Mata suka koma gulbi, tafiyar da ke cinye musu safiya.

Ana cikin zafin bazara dagin Sammani ya faɗa cikin farin yashi a gaba tara da rabi. Ruwa ya taso garau, mai sanyi. Ya kurɓa ya kurkure, ya sake kurɓa ya riƙe, ya haɗiye. Ya aika wa Hansai a kwando cikin ƙoƙo. Ba su gaya wa kowa ba.

Zuwairatu mai fura ce ta fara zuwa, tana dawowa daga gulbi da tulu rabi. Ta tsaya ta yi gaisuwa doguwa, shi ya ce lafiya. Ta ga Hansai na sha, ta roƙa aka ba ta. Washegari mata huɗu, bayan mako guda sai layi. Mazansu sun sani suka kau da kai. Sammani bai hana kowa ba, bai kuma yi wa kowa fara'a ba, yana nan yana ƙwace guga mai ƙasa a gindi yana jefarwa. Har matan gidan Badaru suna zuwa, suna ja mayafi suna rufe fuska. Ya gane su sarai.

Sai kuge ya sake bugawa wata safiya, mata sama da talatin suna bakin rijiyar da goyo. Suka watsar da tuluna suka yi ƙofa, aka tattake juna, Zinariya matar mai gari ta faɗi ta karye a hannu. Allah ya sa ba mahara ba ne, ayarin fatake ne. Amma kowa ya ga abin da zai faru ran da abin ya zama gaske. Gari ba ya zama ruwansa na waje.

Mai gari Haliru ya fito da kansa, da liman, da dattawa, Badaru na can baya. Suka sami Sammani zaune a kan tarin marmara. Mai gari ya yi gaisuwa, ya ce abin da ya wuce ya wuce, an yafe masa, ya dawo ciki ya gyara musu Rijiyar Tsaka, za a ba shi wani fili. Sammani bai tashi ba. Ya tambaya mi aka yafe masa. Ya ce Rijiyar Tsaka ta mutu, ko yau aka rufe ramin can sai ta shekara biyar kafin ta shawu, kuma wanda ya kashe ta ga shi nan yana ɓoyewa bayan liman.

“Ranka ya daɗe, ku kuka fid da ni, ni ba ni komawa. Ga ruwa nan. In kuna so ya kwana cikin gari, ku kawo garin.”

Badaru ya taso zai yi magana, mai gari ya ɗaga masa hannu. Suka koma ba sallama. Kwana uku ana ta mahawara ƙarƙashin tsamiya, ana zagin baƙon Darini da duk zagin da aka sani. A rana ta huɗu aka yi shelar gayya.

Wata ɗaya da rabi aka yi ana ginin, ana tsere da damina. Aka raba wa kowace unguwa rabonta na tubali, aka fasa tsohuwar ganuwa ta gabas, aka zagayo da sabuwa ta bayan gawo. Da ruwan rijiyar Sammani aka kwaɓa ƙasar. Rabon mahauta ya faɗo daidai gaban bukkarsa, ko da gangan aka yi ko ba da gangan ba, ba a sani ba. Kullum Badaru na wucewa da kwandon ƙasa a ka, gumi na zuba, Sammani na zaune yana tufkar igiya. Bai ɗauki tubali ko ɗaya ba. Ran farko Badaru ya ce masa ko gafiya ta ji daɗi yanzu. Sammani ya ce kwandon bai cika ba.

Ba a taɓa cewa ya yi gaskiya ba. Ba a kira taro an wanke shi ba, kuma har ya mutu akwai masu cewa shi ya ɓata tsohuwar rijiya don a dawo wurinsa. Abin da aka gani kawai shi ne, wata safiya mahauta sun cika Busasshiya da duwatsu, sun koma kai ƙazanta bayan gari. A hankali masu fura suka matso da ƙorensu kusa da sabuwar rijiya, rumfuna suka biyo su, dattawa suka bar tsamiya suka dawo gindin gawo. Da kaka ta zo, a nan aka share dandali. Sammani ya yashe rijiyarsa, ya fito da ƙoƙo, ya sha a gaban kowa. Amma bai miƙa wa mai gari ba, Hansai ya fara ba, tana zaune a kan sabon dakalin da ya gina mata saboda ƙafar. Mai gari ya jira. Tun daga shekarar haka ake yi, har ta rasu.

Shi da Badaru sun ƙara shekara goma sha biyu a gari ɗaya, ba su gaisa ba ko ran Salla. A masallaci in ɗaya na dama ɗaya na hagu. Da Badaru ya rasu, da hantsi, 'ya'yansa suka zo ɗibar ruwan wankan gawa, suka tsaya nesa da rijiyar suna jin nauyi. Sammani, wanda lokacin ya tsufa har ba ya sauka, ya karɓi gugansu, ya duba gindinsa, ya kakkaɓe ƙasar da ke jiki. Ya ja da kansa, ya kurɓa ya riƙe a harshe kamar yadda ya saba, ya cika musu tulu biyu. Ya ce su tafi da shi, ruwan lafiya yake. Da aka ɗauko gawar aka bi ta gaban gawo, jama'a duk suka miƙe suka bi. Shi ya zauna a kan dakali yana naɗe igiya, har suka fita ƙofa.